Yadda zaka koya wa 'yan aji huɗu zuwa shida gungun taurari da gwangwani da zare da hirar kaka

Duk shekara in an zo darasin sama da taurari, abun da akasarinmu muke yi shine mu ɗiɗɗiga alli a allo, mu ja layi, mu rubuta sunan Turanci a ƙasa, yara su kwafa, shikenan an wuce. Yaro zai ci jarabawa tsaf, amma fito da shi tsakar gida bayan isha'i kace nuna min guda ɗaya, sai ya tsaya yana kallonka. Wannan abu yana damuna wallahi, don mu nan muna da abun da yaran manyan biranen duniya suke nema da kuɗi, wato duhu na gaske, sannan muna da tsofaffi a gida da suka san sama tun kafin a san wayar hannu. Don haka ni tsarina shine ido ya fara gani, sannan a tambayi kaka, littafi ya zo na uku. Ga yadda nake tafiyar da shi, sati huɗu zuwa biyar yake ci.

Kafin komai, ka je wajen hedimasta, in da hali ka ga malamin Islamiyyar unguwar ma. Dalili kuwa da zarar yaro ya koma gida yace malam ya ce mu duba taurari, wani uban kunnensa kalmar duba kawai zai ji. Ni an taɓa zuwa har ƙofar aji ana tambayata ko bokanci nake koya wa yara, kuma ban ga laifin mutumin ba, ɗansa ne. Sai na zaunar da shi nace Alhaji, abu biyu ne daban. Akwai mai cewa tauraro kaza zai kawo maka arziki ko tsiya, wannan ba ruwanmu da shi, kuma a aji ma ina faɗa wa yara ƙarara cewa ƙarya ne. Akwai kuma sanin taurari don gane gabas da arewa da lokacin shekara, wanda Alƙur'ani da kansa ya ambata a Suratun Nahli aya ta 16 da Suratul An'am aya ta 97, har ma akwai sura guda mai suna Buruj, kuma tauraron Shi'ira an kira sunansa a Suratun Najmi aya ta 49. In ajinka akwai yara Kirista, littafin Ayuba sura 38 aya 31 ya ambaci gungun Kaza da 'ya'yanta da wani gungun mai suna Orion. Mutumin nan da muka gama magana shi ya fara ba ni labarin yadda mahaifinsa yake sanin lokacin sahur da tauraro. Ka rubuta gajeriyar takarda zuwa ga iyaye da Hausa, layi biyar ya isa, kuma ka sa a ciki cewa kallon a tsakar gida za a yi, ba wanda zai fita ko'ina da daddare.

Sai zaɓen lokaci, kuma nan ne mutane suke yin asara. Farin wata sha kallo ne amma yana cinye ƙananan taurari, saboda haka ka duba kalandar Musulunci, daga wajen 20 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabon wata shine lokacinka, wata bai fito da wuri ba ko kuma siriri ne ya faɗi. A shekara kuma ƙarshen Oktoba da Nuwamba sun fi daɗi, damina ta ɗauke ta wanke sama, hazo bai sauko sosai ba. Janairu da Fabrairu taurarin sun fi kyau da yawa amma sai ka yi haƙuri da ranakun hazo, in aka tashi da ƙura ka ɗaga aikin kawai.

Sati na farko ba na faɗin sunan komai. Kowane yaro ya ware shafi huɗu a tsakiyar littafinsa, ko a ninke farar takarda biyu a ɗinke da zare, wannan shine littafin kallo. Aikin gida: bayan isha'i ka tsaya wuri ɗaya a tsakar gida, ka fuskanci gabas, kuma gabas ba ta da wahala tunda kowa ya san inda alƙibla take a gidansu, ka kashe tocila ka ajiye waya, ka jira kamar minti 20 ido ya saba da duhu, sannan ka zana abun da ka gani. Dole a zana katanga ko bishiya ko rufin ɗaki a ƙasan hoton, dole a rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa. Tauraro mai haske sosai a yi masa babban ɗigo, mai dishi-dishi ƙarami. In an ɗauke wuta a unguwa to ranar ce ranar sa'a, ka gaya masu haka.

Ka koya masu awo da hannu tun a aji. Ka miƙe hannu sosai ka dunƙule, faɗin dunƙulen nan a sama kusan digiri 10 ne, ko hannun babba ko na yaro, don mai ƙaramin hannu damtsensa ma gajere ne. Sai yaro ya iya rubuta cewa tauraron yana dunƙule uku sama da katanga. Kace su sake fita bayan awa ɗaya su sake aunawa, zasu dawo suna rantsuwa cewa ya matsa sama da wajen dunƙule ɗaya da rabi. Kada ka yi saurin ba da amsa, ka bari su yi gardama tukuna, sannan ka kawo lissafin: duniya tana juyawa digiri 360 a awa 24, a raba, digiri 15 kenan duk awa. Yaron da ya auna da hannunsa ba ya manta wannan.

Sati na biyu shine zuciyar aikin, hira da manya. Kowa zai je wajen kaka ko wani dattijo a gidan ko maƙwabta, tsohon manomi ko makiyayi ko wanda ya yi fatauci, da tambayoyi kaɗan da muka tsara tare a aji. Ina koya masu yadda za su fara, a gaisa a durƙusa tukuna, sannan ace Kaka, malam ya aiko ni in tambaye ki, waɗanne taurari kika sani da suna, yaushe ake ganinsu, me ake gane wa da su, wa ya koya miki. A rubuta yadda aka faɗa, kar a gyara.

Wata yarinya 'yar aji biyar ta dawo min da shafi cike, rubutun ya karkace saboda a duhu ta yi shi. Tace kakarta ta kama kanta da hannu biyu ta juya shi sama tace ga kaza can da 'ya'yanta, ƙirga min su. Ita ta samu shida, yayanta yace bakwai ne, har suka kusa faɗa. Na sa ta karanta a gaban aji, sai hannuwa suka tashi, wannan yace shi biyar ya gani, wancan yace takwas. Daga nan darasi ya buɗe da kansa: yawancin mutane shida suke gani da ido, mai kaifin ido a wuri mai duhu yana wuce haka, amma da na'urar hangen nesa ɗaruruwa ne a wajen. Wannan Kaza da 'ya'yanta ita ce Larabawa suke kira Surayya, Girkawa suka ce 'yan mata bakwai ne 'yan uwan juna, Buzaye suna ce masu 'yan matan dare, a Japan sunanta Subaru, shi yasa tambarin motar Subaru taurari shida ne, yara maza suna son wannan sosai. Mutanen Maori na New Zealand da fitowarta suke fara sabuwar shekara, suna kiranta Matariki. Taurarin dai su ne ba su canza ba, hoton ne kowace al'umma ta ɗora nata, kuma wannan shine babban abun da nake so yaro ya fita da shi daga darasin gaba ɗaya.

Za a kawo maka Zara matar wata, za a kawo Gamzaki mai fitowa da asuba. Nan sai ka yi a hankali, ka yaba wa wanda ya kawo, sannan ka nuna masu cewa wannan mai tsananin hasken Zuhura ce, duniya ce irin tamu mai zagaya rana, hasken rana take maidowa, wani lokaci ta bayyana da magariba a yamma wani lokaci da asuba a gabas, shi yasa ba ta cikin kowane gungu. Alamar da yaro zai riƙe: tauraro yana ƙyafƙyafta, ita kuwa haskenta a tsaye yake. In dattijai biyu suka ba da suna daban-daban ga abu ɗaya, a rubuta duka biyun da sunan unguwa ko garin da aka ji, ba a cewa na wane ne daidai.

In Allah ya sa a cikin iyayen akwai mai lissafin taurarin noma, to ka roƙe shi ya zo aji ko na minti 30. Wannan lissafin na manzilolin wata 28 ne, irin su Surayya, Dabaran, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, kowanne kwana 13. Ka ba yara su buga 28 sau 13, zasu samu 364, sai ka tambaya ina kwana ɗayan ya shiga, amsar ita ce Jabaha ake ba 14 ya cika 365. Kaga lissafi ya shigo, noma ya shigo. Kuma su lura da kansu, Kaza tana ɓacewa daga sararin yamma wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, sai a sake ganinta da asuba a gabas cikin Yuni, daidai lokacin da hankalin manomi yake kan shuka.

Sai a sati na uku littafi da waya suke shigowa. Ka raba aji rukuni-rukuni, in yara 70 ne ko 80 ka yi rukuni takwas ko goma, ba laifi rukuni biyu su ɗauki gungu ɗaya. Kada ka ba su wanda ba za su gani ba a wannan zangon. In lokacin sanyi ne Orion shine sarki: taurari uku a jere kamar an auna da rula, in ka bi layinsu ƙasa ka faɗa kan Shi'ira wanda ya fi kowane tauraro haske da daddare, in ka bi sama ka samu Dabaran mai ja-ja, ka ƙara gaba ga Kaza. Ka gargaɗe su cewa a wajenmu Orion a kwance yake fitowa daga gabas, ba a tsaye kamar yadda littattafan Turai suke zana shi ba, in ba haka ba yaro zai goge zanensa mai kyau yace ya yi kuskure. Daga Maris zuwa Yuni akwai taurari bakwai na arewa, waɗanda Amurkawa suke gani kamar ludayi, mutanen Ingila suce garma ce, Larabawa suce Banatu Na'ash, Buzaye suce taguwa ce. Biyun bakin ludayin in ka ja layi daga su ka ninka tazararsu sau biyar, zaka sauka kan tauraron arewa wanda ba ya motsi. Ba shi da wani haske sosai, kuma tsayinsa daga ƙasa daidai yake da nisan garinku daga layin da ya raba duniya biyu, a Kano digiri 12, wato dunƙule ɗaya da ɗan ɗori, a Agadas 17, a Jos wajen 10. A Afrilu da Mayu kuma can ƙasa-ƙasa a kudu akwai taurari huɗu masu siffar gicciye waɗanda ɗan Landan ba zai taɓa gani daga gidansu ba, mu kuwa muna ganin na arewa muna ganin na kudu. Kunama sai damina, Yuni zuwa Agusta, kuma ita kam da gaske kamar kunama take har da lanƙwasar ƙari.

Kowane rukuni zai cika katin bincike: sunayen gungun a harsuna daban-daban, taurarinsa mafi haske, watannin da ake ganinsa da yamma, labari ɗaya da wata al'umma take bayarwa a kansa, da abu ɗaya da ya ba su mamaki. Dokata guda ce kuma ba na sassautawa, duk abun da aka rubuta sai an sa wa ya faɗa, kaka ce, littafi ne, ko waya. Waya ɗaya ta malam ta isa aji. Akwai manhajar Stellarium, kyauta ce a kwamfuta kuma ba ta buƙatar data in an riga an sauke, zaka sa garinku da kwanan wata ta nuna maka saman daren nan, har ka iya gudu da lokaci gaba yara su ga taurari suna fitowa da wuri da kusan minti 4 kullum, awa 2 kenan a wata. Amma dan Allah kar ka nuna manhajar kafin sati na uku, in suka fara ganin hoto mai layi-layi a waya sun daina kallon sama kenan.

Ɗan tarihin da ya kamata su samu a katin ba shi da yawa. Gungu 88 ne aka amince da su a duniya, ƙungiyar masana falaki ta duniya ce ta tsayar da jerin a 1922, aka fitar da iyakokinsu a 1930. Fiye da rabinsu sun samo asali ne daga jerin gungu 48 na Batlaimus wanda ya rayu a Iskandariya ta Masar wajen shekara ta 150 miladiyya, sannan Abdurrahman as-Sufi ya sake dubawa ya gyara ya zana su a littafinsa na shekarar 964. Shi yasa sunayen taurari da yawa Larabci ne da bakin Bature ya lanƙwasa, kuma 'yan Islamiyya suna cafke wannan nan take. Rubuta Rigel a allo kace wace kalma ce, wani zai ce rijlu, ƙafa, kuma ƙafar Orion ɗin ce. Deneb zanabu ne, wutsiya. Aldebaran shine Dabaran, mai bin baya, don kullum yana biye da Kaza.

Yanzu aikin hannu. Na farko gwangwani, na madara ko na tumatir babba, a wanke a bushe. A zana gungun a takarda daidai faɗin gindin gwangwanin, a ɗora a huda da ƙusa da dutse, malam ko babban yaro ne zai riƙe ƙusar. Abu biyu ne suke ɓata wannan aikin. Ɗaya, in ka ɗora takardar a waje yadda ka zana ta, hoton zai fito a juye a bango, dama ta koma hagu, saboda haka ka kifa takardar ka huda ta baya. Biyu, tocila mai ƙwayaye da yawa tana maida kowane rami ɗigo biyar ko shida, fitilar waya mai ƙwaya ɗaya ita ce daidai. A rufe tagogi da zannuwa ko tabarma, a zura wayar cikin gwangwanin a haska silin. Ranar da muka fara yi, aji mai yara sama da 70 ya yi tsit, sai wani daga baya yace la, ga ukun nan na saman gidanmu.

Na biyu shine wanda na fi so, don shi yake karya tunanin cewa taurarin gungu ɗaya maƙwabtan juna ne. A samu kwali, a zana Orion, a huda, a rataya ƙwallayen takardar alewa mai ƙyalli da zare, amma tsawon zaren ya bi nisan tauraron. Ka fara bayyana shekarar haske: haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa nan minti 8 da ɗan kai yake yi, to nisan da zai ci a shekara guda shine awon. A cikin taurarin Orion, Bellatrix tana wajen shekarar haske 250 daga nan, Saiph wajen 650, Rigel wajen 860, Betelgeuse tsakanin 500 da 700. Ka ɗauki santimita ɗaya a matsayin shekarar haske 10. In za a rataya kwalin a sama a kalla daga ƙasa, to mafi kusa da mu shi zai fi dogon zare, wato ka cire adadin daga mita ɗaya: Bellatrix santimita 75, Saiph 35, Rigel 14, Betelgeuse wajen 40. Yaro ya kwanta a ƙasa ya rufe ido ɗaya, ga Orion nan, ya tashi ya koma gefe, hoton ya watse. Ka bar su su yi ta zagayawa. A nan ne kuma zaka sa su shafa wa Betelgeuse ja, Rigel shuɗi-shuɗi, ka tambaye su wanne ya fi zafi, duk zasu ce ja, sai ka tuna masu garwashi da harshen wutar gas. Fuskar Rigel ta haura digiri 11,000, ta Betelgeuse wajen 3,500, ranarmu wajen 5,500.

Sauran ayyukan kowa da abun da ya samu, laka da tsinken tsintsiya, ɗinkin farin zare a baƙin ƙyalle, ko a fita fili a jera duwatsu a ja layi da toka. Na ƙarshe kuma tatsuniya: a ba kowane rukuni ɗigogin wani gungu babu layi babu suna, su nemo hotonsu daga abun da suka sani, turmi da taɓarya, kwarya, keke napep, Gizo da Ƙoƙi, su rubuta labarin yadda aka yi ya hau sama, daga ga ta nan ga ta nanku har ƙurunƙus. Sharaɗi dai a ƙasan takardar su rubuta layi biyu, wannan labarinmu ne mu muka ƙirƙira, ga kuma abun da yake tabbas game da taurarin nan.

Wajen ba da maki ni littafin kallo nake ba kaso mafi tsoka, don yaron da ubansa ya saya masa kwali mai kyau bai kamata ya wuce wanda ya fita dare biyar ya zana da guntun fensir ba. Sai katin bincike, sai bayanin baki, kowane ɗan rukuni sai ya faɗi wani abu ko jimla biyu ce, kuma a bar yaro ya yi da Hausa in Turancin zai ɗaure masa harshe, sunayen jarabawa a rubuta su gefe. Ranar nuni ka gayyaci iyaye da kakannin da aka yi hira da su, a sa masu benci a gaba, a karanta abun da suka faɗa da sunan garinsu. Sunayen da aka tattaro kuma a kwafe su a littafi ɗaya mai bango a ajiye a ofishin hedimasta, 'yan aji biyar na baɗi su ɗora daga inda aka tsaya.